Kwatarka Tana Cin Dukiyar Marayu

Ya kai ɗan uwa, je ka tambayi dillalan gidaje a Kurna ko Rijiyar Lemo: mai saye da hancinsa yake fara ciniki, tun bai shiga soro ba. Ya ga kwata ta kwanta a lungu, bola ta kai rabin katanga, ruwan wankan makwabci yana cin gindin gini, sai ya ce zai yi shawara. Ba zai dawo ba. In ma ya dawo, tayin wulaƙanci zai yi.

To wa aka cuta? Sau da yawa gidan gado ne, marayu da uwarsu suna jiran a sayar a raba. Kai da ka ƙi yashe kwatarka, kai ka zabge musu rabonsu. Ko kwabo bai shiga aljihunka ba, amma wallahi haƙƙi yana wuyanka, ko da kullum kana sahun farko.

Za ka ce laifin gwamnati ne. Ba mu wanke ta ba: a 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Nijeriya. A 1984 sojoji suka kawo WAI, aka yi shara don tsoron bulala. Bulala na tafiya, bola ta dawo. Ashe mun fi tsoron soja a kan Allah?

Kai kuma dillali, da kake kai mai saye da rani kana ɓoye masa abin da damina ke yi wa lungun, wannan algus ne, la'adarka ba ta tsarkaka ba.

Matasa, gobe Asabar bayan sallar asuba, kowa ya fito da shebur. A fara da ƙofar marayu.