Bam Ɗaya Ya Rushe Aikin Shekara Biyar

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ɗakunan kwananmu da teburan mai shayi, wai mai mulki ba ya jin kowane yare sai na wuta, wai taro da sa hannu a takarda da bin gida-gida aikin matsorata ne. Masu wannan magana sukan kafa hujja da samarin Amurka da suka tayar wa gwamnatinsu ƙayar baya a kan yaƙin Biyetnam. To, tun da su ne suka ɗauko tarihin, bari mu buɗe shi tare, mu ɗauki gari guda mu ga abin da ya wakana.

Garin shi ne Madison, hedkwatar jihar Wiskonsin. A 1970 mutanensa ba su kai dubu 200 ba, amma jami'ar da ke cikinsa tana da ɗalibai sama da dubu 30. A lokacin gwamnatin Amurka tana kwasar samari aikin soja dole, tana tura su Biyetnam. Tun a 1965 malamai da ɗalibai suka fara shirya zaman wayar da kai a kan asalin yaƙin. A wannan shekarar ce kuma ɗan majalisar tarayya mai wakiltar yankin, Robert Kastenmeier, ya kira zaman sauraron jama'a a cikin garin, kowa ya zo ya faɗi ra'ayinsa. Ka ji mafarin abin, magana ce da haƙuri.

Ranar 18 ga Oktoba, 1967, kamfanin Dow Chemical ya zo jami'ar neman ma'aikata. Wannan kamfani shi ke yi wa sojan Amurka nafam, wato wani mai da ake ɗura wa bam, wanda in ya manne a fatar mutum sai ya ci ta har ƙashi. Ɗalibai suka zauna dirshan a ginin, suka tare hanya. 'Yan sanda suka auka masu da kulki da barkonon tsohuwa, mutane da dama suka kwana da rauni. Wa ya ci riba ran nan? Waɗanda aka daka. Dubban ɗaliban da a da ba ruwansu da siyasa suka ga jini a kan abokansu da ba su ɗauki ko tsinke ba, suka shigo sahu.

Daga nan sai aikin ya fita daga harabar jami'a ya shiga unguwanni. Malamai da matan aure da limaman coci da ɗalibai suka bi ƙofa-ƙofa suna tara sa hannu, har aka tilasta sa tambaya a takardar zaɓen gari: a tsagaita wuta a janye soja, ko kuwa? Ranar 2 ga Afrilu, 1968 aka kaɗa ƙuri'a. Masu son janyewa ba su yi rinjaye ba, amma sun haura kashi 40 cikin ɗari. A wannan rana ce kuma Sanata Eugene McCarthy, mai adawa da yaƙin, ya lashe zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat a jihar, bayan ɗalibai sun aske gemu sun sa kaya masu tsabta sun yi masa yawon neman ƙuri'a. Kwana biyu kafin zaɓen, Shugaba Johnson ya fito ya ce ba zai sake tsayawa takara ba. Ina mai cewa ƙwanƙwasa ƙofa aikin matsorata ne? Ya zo ya ba mu amsa.

Yanzu ga abin da 'yan ba-ni-na-iya ba sa son a faɗa. Ranar 24 ga Agusta, 1970, cikin dare kafin asuba, samari huɗu suka cika wata mota da takin zamani haɗe da mai, suka ajiye ta jikin ginin Sterling Hall. Nufinsu su rushe wata cibiyar lissafi da ke yi wa soja bincike a benen sama. Cibiyar ba ta yi wata ɓarnar a zo a gani ba. Sashen kimiyyar fiziks da ke ƙasa shi ya ragargaje, kuma a ciki akwai Robert Fassnacht, mai bincike ɗan shekara 33, uban yara uku, wanda ba shi da wata alaƙa da cibiyar. Nan take ya mutu. Garin gyaran gira aka rasa ido. Uku daga cikin samarin sun shiga hannu sun yi zaman kurkuku, na huɗun, Leo Burt, ya ɓace. Su kuwa mutanen da suka shekara biyar suna cewa kada a kashe marar laifi, da wane baki za su koma ƙofar maƙwabci? Zanga-zangar garin ta yi sanyi, masu goyon bayan yaƙi suka sami sandar dukansu a ɓagas.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai haƙurin bai tsayar da yaƙin ba, an ci gaba da ruwan bama-bamai, kuma a watan Mayu na 1970 soja sun harbe ɗalibai huɗu a Jami'ar Kent, don haka dole zuciya ta tafasa. Gaskiya ne zuciya ta tafasa. Amma tafasar zuciya ba ta zama hujja ba. A faɗa mini soja ɗaya tak da bam ɗin Sterling Hall ya dawo da shi gida, ko ƙauye ɗaya na Biyetnam da ya tsira saboda shi. Babu. Abin da ya ɗaure hannun gwamnati, baya ga tsayin dakan mutanen Biyetnam kansu, shi ne juyawar ra'ayin talakan Amurka, har majalisa ta fara jin tsoron masu zaɓe. Wannan juyi kuwa a falo da coci da rumfar zaɓe aka yi shi, mutum ɗaya bayan ɗaya. A 1973 aka janye soja, aka daina kwasar samari dole, bayan Amurkawa sama da dubu 58 sun mutu. A wannan shekarar Paul Soglin, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka sha kulki a 1967, ya zama magajin garin Madison ta hanyar ƙuri'a.

Don haka, ɗan'uwa, in kana ƙin yaƙi da zubar da jini, kada ka ari makamin wanda kake ƙi. Gwamnati ta fi ka bindiga, kuma ba abin da take jira irin ka ba ta dalili. Abin da ba ta iya saye shi ne yardar mai facin taya da malamar firamare da tsohon da ɗansa ke bakin daga. Ka taɓa zama da su? Ka san sunan mutum goma a unguwar da ke bayan katangar jami'arka? In ba ka sani ba, to ba ka fara gwagwarmaya ba tukuna, ihu kake yi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah ya sa mu gane, amin.