Gani Ba Ci Ba: Zane Mai Motsi da Darasin Jeri

'Yan uwa malamai, Hausawa na cewa gani ya kori ji. Da wannan hujja ake kwaɗaita mana zane mai motsi domin koyar da rubuta umarnin kwamfuta, musamman darasin jeri, wato gurabe a jere, kowanne da lambarsa da abin da aka ajiye a cikinsa. Hujjar tana da ƙarfi, amma Hausawan nan ne kuma suka ce gani ba ci ba.

Tun a 1981 Ronald Baecker na Jami'ar Toronto ya fitar da fim mai nuna yadda kwamfuta ke jera lambobi bisa tsari. A 2002 masana uku, Hundhausen da Douglas da Stasko, suka tattara gwaje-gwaje 24 a kan irin wannan koyarwa. Suka gano cewa abin da ɗalibi yake yi da zanen ya fi abin da zanen yake nuna masa tasiri. Ɗan kallo yakan fita yana ganin ya gane, sai an ba shi aiki a ga babu.

Saboda haka zane nagari shi ne mai tsayawa ya tambayi yaro: me zai faru yanzu? Kuma dole ya faɗi gaskiya. Idan za a musanya abin da ke gurbi biyu, zane yakan nuna lambobin suna shawagi suna wuce juna. Abin sha'awa ne, amma yana ɓoye darasin. Duk abin da aka zuba a gurbi yana shafe na cikinsa, don haka sai an fara ajiye ɗaya a ma'aji na wucin gadi, kamar mai musanya gero da dawa tsakanin ƙwarya biyu, wanda tilas ya nemo ta uku. A nuna wa yaro wannan ƙwarya, a kuma nuna masa asarar da za a yi in babu ita.

Haka batun lambar gurbi. A Python ƙirga na farawa daga 0, jeri mai gurabe 5 yana ƙarewa a 4. A Scratch kuwa daga 1 ake farawa. Lallai lambar gurbi ta zauna daram a ƙasa da launinta daban, abin da ke ciki kaɗai ya motsa, don kada yaro ya rikita gida da mai gida.

Wa ya san inda yara ke tuntuɓe in ban da malamin da ke duba littattafansu? Ina kira ga reshenmu ya nemi a zauna da malamai tun daga tsara irin wannan zane, a kuma horar da su kafin a kashe kuɗi. Inda wuta ba ta samuwa, kiret ɗin ƙwai mai gurabe 30 da 'yan tsakuwa sun isa a fara, domin a nan hannun yaro ne ke motsa lambobin.