Masu farautar ɓata-garin intanet: wa ya ba su alƙalanci?

Tarkon kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Baligi zai buɗe shafi da sunan yarinya 'yar shekara 13, ya zauna jira. Idan wani ya fara aiko da zancen batsa har ya nemi a haɗu, sai a sa masa lokaci da wuri. Yana isowa ya tarar da ƙarti riƙe da waya, suna watsa fuskarsa kai tsaye a Facebook. Irin waɗannan ƙungiyoyin 'yan sa-kai sun yawaita a Birtaniya da Amurka, kuma jama'a na yi musu tafi.

Tafin yana da dalili. Masu yaudarar yara ta intanet suna nan, 'yan sanda kuma ba su da isassun hannuwa. A 2020 Kotun Ƙolin Birtaniya, a wata shari'a da ta taso daga Sikotland, ta yanke cewa amfani da hujjojin da 'yan sa-kai suka tattara bai tauye haƙƙin sirrin wanda ake tuhuma ba. Ke nan tarkon yana kamu.

Aibin yana cikin kyamara. Da zarar an watsa fuskar mutum, an riga an hukunta shi, da matarsa da 'ya'yansa, kafin alƙali ya ga takarda ɗaya. Idan kuskure aka yi, babu kotun da za ta goge bidiyon daga wayoyin mutane.

A 2006, a jihar Texas, shirin To Catch a Predator na tashar NBC ya bi 'yan sanda zuwa gidan wani lauyan gwamnati da bai je wurin tarkon ba. Mutumin ya harbe kansa. Shekara mai zuwa mai gabatar da ƙara ya ƙi gurfanar da sama da mutum 20 da aka kama a wannan samame, saboda raunin yadda aka haɗa hujjoji. An samu 'yan kallo, an rasa hukunci. A 2020 kuma, a birnin Arnhem na ƙasar Holan, wasu matasa sun yaudari wani tsohon malami mai shekara 73, suka yi masa dukan da ya zama ajalinsa.

Akwai kuma abin da bidiyon yake rufewa: mafi yawan yaran da ake lalatawa, wanda suka sani ne yake cutar da su, dangi ko maƙwabci ko malami. Babu shafin bogi da zai kamo shi.

Ma'aunin ɗan sa-kai na gaskiya mai sauƙi ne. Wanda yara suka dama zai miƙa wa 'yan sanda hujja shiru, ya koma gefe. Wanda ya ƙi kashe kyamara ya nuna abin da yake farauta.