Kafin a sayi katin sauti, a duba wutar ɗaki

Ɗalibin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da ya tara kuɗin haɗa kwamfutar gem, da mai gidan gem a Jega da ke son yara su ji takun abokin gaba ta bayansu, shawara ɗaya ake yawan ba su: su nemi katin sauti mai tsada. Shawarar nan ta kwana biyu.

Ta yi zamaninta. Lokacin da Creative ya fito da Sound Blaster a 1989, kwamfutar PC marar katin sauti galibi ba ta iya komai sai 'yar tsuwa. Amma tun 2004, da Intel ya kawo tsarin HD Audio, babban allon kwamfuta kan zo da nasa guntun sautin, galibi na Realtek, kuma da yawansu na iya ciyar da lasifika takwas. Daga baya Windows Vista ta toshe hanyar da gem ke bi ya ɗora wa katin lissafin inda kowace ƙara ke fitowa. Yau ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ke wannan aiki. Wanda kuwa ya jona talabijin da wayar HDMI, ta katin hoto sautinsa ke fita, katin da ya saya yana zaune a banza.

Sautin kewaye ma ɗaki yake so. Tsarin 5.1 lasifika biyar ne da ta shida mai gurnani, kowace a mazauninta, mai sauraro a tsakiya. A shagon da allo huɗu ke ihu lokaci guda, wa zai bambance gaba da baya? Hedifon mai kyau ya fi, ga Windows Sonic kyauta tun 2017.

Ƙugin da ke tashi a lasifika da zarar an tayar da janareto, sau da yawa daga wuta yake: ginin da ba a binne masa wayar ƙasa ba, ko kayan da aka jona a soket daban-daban. Sabon kati ma wutar nan zai sha. Kuɗinsa sun fi amfani a hannun mai gyaran wuta.

Akwai mai buƙata ta gaskiya. Mai ɗaukar waƙoƙin biki a Maiyama yana son mashigar makirufo mai tsabta, kuma akwatin sauti na USB zai nema, wanda laftof ma ke karɓa.