Fim ɗin Elvis ya yi shiru kan haƙƙin Arthur Crudup

Duk wanda ya kalli fim ɗin Elvis na Baz Luhrmann, wanda ya fito a 2022, zai tashi da jin haushin Kanar Tom Parker, manajan mawaƙin, wanda Tom Hanks ya fito a matsayinsa. Haushin kuwa yana da dalili, domin Parker ya kai ga karɓar rabin abin da Elvis Presley ke samu, ya kuma ɗaure shi da wasanni a Las Vegas har lafiyarsa ta taɓarɓare. Elvis ya mutu a 1977 yana da shekara 42.

Sai dai akwai wani da aka ci wa haƙƙi tun kafin Parker ya shigo, wanda fim ɗin ya nuna fuskarsa amma ya tsallake labarinsa. Waƙar da ta fara fito da Elvis a 1954, a kamfanin Sun Records na birnin Memphis, ita ce That's All Right. Mai ita shi ne Arthur Crudup, baƙar fata ɗan jihar Mississippi, wanda ya naɗe ta tun 1946. Elvis ya rera ta ya zama tauraro, shi kuwa Crudup ya yi ta aikin gona da leburanci, yana bin kuɗin waƙoƙinsa ba ya samu, har ya mutu a 1974 hannu babu komai.

A fim ɗin ana ganin Crudup yana kaɗa jita, yaro Elvis na leƙensa cike da mamaki. Daga nan kyamara ta bi yaron, ta bar dattijon. Mai kallo ba zai san cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi aka yi ba.

Wani zai ce ai ba Elvis ne ya danne kuɗin ba, kamfanoni ne, kuma shi da bakinsa ya yaba wa Crudup. Gaskiya ne. Amma fim ɗin da ya shafe fiye da awa biyu da rabi yana lissafin wanda ya ci gumin Elvis, bai rasa minti biyu da zai faɗi inda gumin Crudup ya tafi ba. A zamanin wariyar launin fata, gidajen rediyo da talabijin sun fi buɗe ƙofa ga farar fata mai rera kiɗan baƙaƙe, kuma hakan na cikin sirrin ɗaukakar Elvis.

Ku kalli fim ɗin, Austin Butler ya yi rawar gani. In kun gama, ku nemi Crudup a YouTube ku saurari muryarsa.