Tsuntsun gindin mangwaro da ɗan uwansa na tsibiri

Duk wanda ya saba shiga lambu a Dagauda da sassafe ya san wani tsuntsu mai ruwan toka, bakinsa rawaya, yana tsalle a gindin mangwaro yana birkita busasshen ganye neman tana. Masana na kiransa Turdus pelios, kuma ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin jinsunan da ba a fargabar ƙarewarsu.

Ɗan uwansa na tsibirin Firinsife, can kudu da gaɓar tekun Najeriya, shi ne ke bakin halaka. Tun da aka bayyana shi a 1901 ba a cika ganinsa ba, yanzu 'yan ɗaruruwa suka rage a kurmin kudancin tsibirin. Ba ya gudun mutum, maharbi kan same shi cikin sauƙi, ɓeraye da birai da aka shigo da su kuma na yi wa sheƙarsa ɓarna.

Ni dai yawan namu bai kwantar mini da hankali ba. Ina yaro ungulu kan cika mahauta, ba mai ko kallonta. Amma a 2015 aka sa ta sahu ɗaya da tsuntsun Firinsife, wato bakin halaka. Buhunan gawayin da ake jerawa a bakin hanyar Azare bishiyoyi ne jiya, kuma tsuntsun gindin mangwaro ba ya zama inda babu inuwa. Ina roƙon masu unguwanni su tsawata kan saran itatuwan fadama, iyaye kuma su riƙa tambayar yara abin da suke harbi da danƙo.