Ziyarar Poland: A Je da Natsuwa, Kuma Kada a Tsallake Auschwitz

Duk mai zama a nan Kudu yana da maƙwabci ko abokin ciniki ɗan ɗarikar Katolika, kuma cikinmu ma akwai Hausawa Kirista. Don haka ba baƙon abu ba ne mu ji ana zancen ziyarar ibada. A da Urushalima da Rum aka fi sani, yanzu ga Poland ta shigo sahu, inda kamfanonin tafiye-tafiye ke haɗa ayari da ɗan jagora da limamin coci, a yi mako guda ko kwana goma ana zagaya wuraren ibada da tsofaffin birane. Wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce, wai me ke Poland in ba sanyi ba? Mu dai a ganinmu tafiya ce mai daraja, amma darajarta ta dogara ga yadda aka tsara ta.

Mu fara da dalilin da ya sa ƙasar ta cancanci a je. A 1795 Rasha da Prussia da Ostiriya suka gama rabe Poland a tsakaninsu, aka share sunanta daga taswira. Ba ta dawo ba sai 1918, bayan shekara 123. A tsawon wannan lokaci ba sarki, ba gwamnati, har yaren mutanen an takura shi a makarantu. Abin da ya riƙe su a matsayin al'umma ɗaya shi ne harshensu da addininsu da wuraren da suke taruwa. Mai ziyarar da bai san wannan ba, gine-gine kawai zai gani.

Babban misali shi ne Jasna Gora, gidan 'yan zuhudu da ke kan tudu a birnin Czestochowa, wanda aka kafa a 1382. A nan ne hoton Maryamu mai duhun fuska yake, da tabon sara biyu a kumatu, wanda ake dangantawa da 'yan fashin da suka afka wa gidan a 1430. A 1655 sojojin Suwidin sun mamaye galibin ƙasar, suka yi wa wannan tudu ƙawanya na kusan kwana 40, amma suka kasa cin shi. Tun daga nan wurin ya zama alamar cewa Poland ba ta mutu ba. Har yau mutane na takowa da ƙafa daga Warsaw, tafiyar kusan kwana tara, don su iso kafin bikin 15 ga Agusta, al'adar da ta faro tun 1711.

A nan ne ƙorafinmu na farko yake. Da asuba ake ɗaga murfin azurfar da ke rufe hoton, da busar ƙaho, da ƙarfe tara na dare kuma ake addu'ar da jama'a ke taruwa dominta kullum. Ayarin da aka sauke da tsakar rana, aka ba shi awa ɗaya, rabinta a shagon tsaraba, bai ga ko ɗaya ba. Wasu sun yi kwana tara a ƙafa, kai an ba ka minti sittin. Sauri ya haifi nawa. Kafin mutum ya biya kuɗinsa, ya nemi jadawali a rubuce, ya duba ko za a kwana a Czestochowa.

Daga can galibi ana gangarawa Krakow, tsohon birnin sarauta, inda fadar Wawel take. A unguwar Lagiewniki kabarin Sista Faustina Kowalska yake, wadda ta rasu a 1938 tana da shekara 33, aka ayyana ta waliyyiya a 2000. Addu'ar Jinƙan Allah da 'yan Katolika da yawa a Najeriya ke yi da ƙarfe uku na rana, daga wurinta ta samo asali. Don haka wanda ya je can daga Legas ko Jos, tushen abin da yake yi kullum ya je gani. Kusa da nan akwai Wadowice, inda aka haifi Karol Wojtyla a 1920, wanda ya zama Fafaroma John Paul na Biyu a 1978. Shi ma ba baƙonmu ba ne, ya zo Najeriya a 1982 har ya kai Kaduna, ya sake dawowa a 1998. Akwai kuma Kalwaria Zebrzydowska mai ƙananan ɗakunan ibada warwatse kan tuddai, da ramin gishiri na Wieliczka, inda mahaƙa suka sassaƙa majami'a sukutum daga gishiri, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa.

Duk waɗannan suna faranta rai. Wurin da ba ya faranta rai shi ne Auschwitz, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu daga Krakow, kuma shi ne muke cewa kada a tsallake. Mun san hujjar masu gujewa: mutum ya biya kuɗi mai yawa don ya samu kwanciyar rai, me zai kai shi kallon tarin takalma da gashin mutanen da aka kashe? Hujjar tana da nauyi, musamman ga dattawa da masu raunin zuciya, kuma ba ma cewa a tilasta wa kowa. Amma a cire wurin daga jadawali gaba ɗaya, wannan ragewa ziyarar ma'anarta ne. Addinin da aka gwada shi cikin jin daɗi kawai ba a san ƙarfinsa ba.

A sansanin nan ne Fada Maximilian Kolbe ya mutu. A 1941, bayan wani fursuna ya tsere, 'yan Nazi suka zaɓi mutum goma da za a kashe da yunwa. Ɗaya daga cikinsu, Franciszek Gajowniczek, ya yi kuka yana kiran matarsa da 'ya'yansa. Kolbe ya fito ya ce a ɗauke shi a madadinsa. Bayan mako biyu bai mutu ba, sai aka yi masa allurar guba ranar 14 ga Agusta. Mutumin da ya fansa ya rayu har 1995.

Sai dai a nan ma akwai tarko, kuma shi ne ƙorafinmu na biyu. Ɗan jagora zai iya kai ayari kurkukun Kolbe, a yi addu'a, a koma mota, kamar labarin Auschwitz na mutum ɗaya ne. Alhali mutum kusan miliyan 1.1 aka kashe a can, kuma kusan miliyan ɗaya daga cikinsu Yahudawa ne. Kafin yaƙin, Yahudawa fiye da miliyan uku ke zaune a Poland, kusan duka aka hallaka su. Wanda ya yi kukan nasa ya manta da na maƙwabci bai fahimci abin da Kolbe ya yi ba. Ɗan jagora nagari zai kai mutane Birkenau, inda layin dogo ya ƙare, ya kuma bi da su Kazimierz, tsohuwar unguwar Yahudawa a Krakow. Mu da muke zaune tsakanin ƙabilu da addinai daban-daban mun san inda ƙiyayya kan kai mutane idan aka bar ta ta yi jijiya.

Warsaw ma haka take. Tsohon garin da ake ɗaukar hoto a ciki sabon gini ne, domin bayan boren 1944 na kwana 63 Jamusawa sun rusa kusan kashi 85 cikin ɗari na birnin, mutanen suka sake tayar da shi suna duba tsofaffin zane-zane. A birnin kuma kabarin Fada Jerzy Popieluszko yake, wanda jami'an tsaron gwamnatin kwaminisanci suka kashe a 1984 saboda goyon bayan ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity.

Abu na ƙarshe, a tsakaninmu: bizar Poland ta yankin Schengen ce, kuma akwai masu ɗaukar ziyara a matsayin ƙofar sulalewa Turai. Duk wanda ya ɓace daga ayari, ya ƙara wa na bayansa wahalar samun biza. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Saboda haka ga 'yan uwa da maƙwabta masu niyya: ku tambayi inda za a kwana, awa nawa za a yi a kowane wuri, wane ne ɗan jagoran, kuma ko Auschwitz da Birkenau na cikin tsarin. Gara wuri biyar da natsuwa da wuri goma sha biyar a guje. In kun dawo, ku zo ku ba mu labari, har da wanda ba shi da daɗin ji. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.